Farin wake ya haifi ja: shin barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?

Wani manomi daga ƙasar Bichi ya aiko da tambaya. Ya ce farin wake tas ya shuka, da ya zo sussuka sai ya tarar da 'ya'yan wasu saiwoyi sun fito da launi. Ya ce to ina gaskiyar maganar nan ta "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe"?

Malam, tambayarka ta yi mini daɗi ƙwarai, domin amsarta na cikin kalma guda da muke furtawa kullum, wato iri. Bahaushe na kiran abin da aka ajiye don shuka iri. Yana kuma cewa "wane irin mutum ne", yana cewa "irin gidan nan ba sa ƙarya". Ƙwaya da nau'i da tsatso duk kalma ɗaya ta ɗauke su. Kama kuwa daban take, ita ce abin da ido ya gani. Shi ya sa aka ce kama da wane ba ta wane. Kai kama ka duba ranar shuka, irin kuma yana can ciki.

Idan ba gauraya aka samu a buhu ba, ga abin da ya faru. Ɓawon da ke lulluɓe da ƙwayar wake ba jikin ƙwayar ba ne, daga jikin uwar yake, wato shukar da ta yi furen. Riga ce uwa ta ɗinka wa ɗanta da yadinta. Abin da ke cikin rigar, wanda zai tsiro, shi ne ya ɗauko gado daga uwa da uba. Wake yakan yi barbara da kansa a cikin furensa, amma wani lokaci zuma kan kwaso garin fure daga gonar maƙwabci. In haka ta faru, ƙwayar za ta fito fara kamar uwarta, ba wanda zai gane. Sai an shuka ta, ta zama uwa ita ma, sannan launin uban ya bayyana a rigar nata 'ya'yan. Barewa dai ta yi gudu, ɗan ma gudun ya yi, sai dai sawun ubansa ya bi.

An fi zurfafa wannan bincike a kan wani ɗan uwan wakenmu, wanda asalinsa ƙasar Meziko ne da tsaunukan Andes, namu kuwa ɗan Afirka ne. A jikin wancan waken masana sun gano wata ƙwayar gado, wato abin da ke ɗauko siffa daga iyaye zuwa 'ya'ya, da suka sa wa harafin P. Ita ce kamar makunnin fitila: idan shuka ta gaji matacciyarta daga uwa da uba duka, ɓawon fari zai fito, ko da tana ɗauke da sauran ƙwayoyin da ke kawo baƙi ko ja ko ruwan ƙasa. Suna nan kwance, makunni kawai suke jira. Kuma da wannan waken ne wani masani ɗan ƙasar Denmak, Wilhelm Johannsen, ya yi gwaje-gwajensa, har a 1909 ya ƙirƙiro kalmar da duniya ke kiran ƙwayar gado da ita, wato "gene", ya kuma raba tsakanin gadon da ke ɓoye da siffar da ke fili. Ni ina ganin masu fassara littattafan kimiyya ba su da buƙatar wahalar da kansu a nan. Iri da kama sun wadatar.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi kuma ta tambayi ko "wake ɗaya kan ɓata gari" garin mutane ake nufi. A'a, garin niƙa ne. Rubutun boko ne ya haɗa su, amma a baki wasalin farko na garin niƙa dogo ne, na garin zama gajere. Wasu ma miya suke cewa a maimakon gari.

Ta ƙara da tambayar dalilin kiran ɗigon nan na jikin wake hanci. Wurin shi ne inda ƙwaya ta manne da kwansonta tana shan abinci daga uwa, don haka a aikinsa ya fi kusa da cibiya. Bahaushiya siffa ta duba, ta ga ɗan tabo a tsakiyar fuska, ta ce hanci. Launin da ya kewaye shi ma na ɓawo ne, shi ya sa in an surfa wake don ƙosai ko alala yake bin dusa ya tafi.