Windows 10 ko 11 a sabuwar kwamfuta?

Malam, ka ce ka sayo sabuwar laftof a kasuwar Banex ta Abuja kana so a cire maka Windows 11 a sa 10, don da ita hannunka ya saba. Don Allah kar ka yi.

Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum, wato gyare-gyaren tsaro da take aiko mata, kai kuwa da ita za ka riƙa shiga banki. Sannan firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na Intel daga zubi na 12 zuwa sama galibi ƙwayoyin aiki (cores) iri biyu gare su, masu ƙarfi da masu tattalin wuta, kuma 11 ce ta fi iya raba musu aiki. A halin wutarmu a Abuja, batiri ba abin wasa ba ne.

Wani abin kuma: kana tsakiyar sa 10 daga filasha sai ka ga allon zaɓen diski fayau, ba SSD (ma'ajiyar kwamfutar), saboda babu direban Intel RST, manhajar da ke sa a ga diskin. Ka wuce nan, Wi-Fi ya ƙi fitowa.

Duba RAM ɗinka, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. 4GB ne mafi ƙarancin da 11 ke buƙata, amma sai da 8GB za ta sake. In maɓallin Start na tsakiya ne ke damunka, shiga Settings, Personalization, Taskbar, ka mayar da shi hagu.