Amsa: lissafin tsibin yashi

Malam, ka tambayi yadda za ka san yawan yashin da tifa ta zube maka a Tumfure. Tsibin siffar mazurari gare shi, kifaffe.

Zagaye gindinsa da igiya, ka raba tsawonta da 6.28, ka sami rabin faɗi. Idan igiyar mita 12.6 ce, ya zama mita 2. A ce tsayi mita 1.2: lissafin shi ne 3.14 × rabin faɗi × rabin faɗi × tsayi, wato 3.14 × 2 × 2 × 1.2, sai ka raba da 3, kubik mita 5 ke nan. Ana rabawa da 3 ne domin mazurari sulusin ganga mai gindi da tsayi irin nasa yake ci.

Don Allah kada ka auna gangaren tsibin a matsayin tsayi. Kafa sanda tsaye a gefe, ka daidaita da ƙololuwa. Gangaren nan mita 2.3 ne, zai kusan ninka maka amsar.