Ana kirana intabiyu amma ba a ɗaukata, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da HND a fannin akanta, kuma na gama bautar ƙasa shekara biyu da suka wuce. Kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suna kirana intabiyu, amma daga nan sai in ji shiru. Abokaina na cewa sai da hanya ko da kuɗi. Me zan gyara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kiran da ake maka alama ce cewa takardunka suna tsallake tantancewar farko. Ke nan matsalar tana cikin ɗakin, a minti ashirin ko talatin ɗin da kake zaune gaban kwamiti. Maganar hanya ba ƙarya ba ce, akwai wuraren da aka gama zaɓe tun kafin a buga talla. Amma kamfanin da ke neman wanda zai riƙe masa kuɗi, ko ƙungiyar da masu ba ta tallafi za su turo a binciki littattafanta, ba su cika wasa da gurbin akanta ba. Irin waɗannan wurare ne suka cancanci ka kashe musu lokacinka.

Ka fara da sanin abin da ke gaban masu yi maka tambaya. A wuraren da ke da tsari, kowannensu yana riƙe da takarda mai tambayoyi iri ɗaya ga duk masu neman aikin, yana ba kowace amsa maki, sau da yawa daga 1 zuwa 5. Abin da ya fito daga bakinka suke ba maki. Idan ka ce kai mai ƙwazo ne, mai riƙon amana, ba su da abin rubutawa, don wanda ya fita kafin ka shigo haka ya faɗa, wanda zai biyo bayanka ma haka zai faɗa.

A nan ne matasanmu da yawa suke zubar da maki. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ba a ƙura wa babba ido. Tarbiyya ce mai kyau, ba kuma muna cewa ka jefar da ita ba. Sai dai idan mutum ya sunkuyar da kai yana cewa "mun yi", "an yi", kwamiti ba zai gane wane ɓangare na aikin ne ya fito daga hannunsa ba. Ba a neme ka ka yabi kanka ba. An neme ka ka ba da rahoton abin da ka yi, kuma rahoto ba fahariya ba ne. Kowace amsa ta ƙunshi abu huɗu: halin da ka tarar, abin da aka ɗora maka, matakan da kai da kanka ka ɗauka, da abin da ya biyo baya. A ce ka yi bautar ƙasa a ofishin kuɗi na wata makaranta. Sai ka ce: "Na tarar rasit ɗin kuɗin makaranta ba sa dacewa da bayanan banki. An ba ni aikin daidaita su. Na shigar da rasit na wata shida a Excel, na gano an rubuta wasu biya sau biyu, wasu kuma cajin banki ne da ba a shigar ba. Daga nan muka koma rufe lissafi a ƙarshen kowane wata." Wannan misali ne kawai. Ka kawo naka na gaskiya, don tambaya ta gaba za ta shiga cikin labarin, kuma ƙirƙirarre ba ya jure tambaya biyu.

Ka ɗauko tallar aikin, ka ja layi ƙarƙashin kowane abu da suka ce suna so, ka tanadi labari biyar ko shida da suka dace da su. A ciki a samu na kuskuren da ka gyara, na saɓani da abokin aiki, da na ranar da aka matsa maka ka fitar da kuɗi ba tare da cikakkun takardu ba. Wannan na ƙarshe yana da nauyi ƙwarai ga akanta. Sannan ka faɗe su da baki, da Turanci, tunda da shi za a yi ganawar. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, kada kowanne ya wuce minti biyu. Amsar da ka tsara a zuci kawai takan watse da zarar mutum huɗu sun zuba maka ido.

Idan aka ce ka gabatar da kanka, kada ka fara daga inda aka haife ka da firamaren da ka yi. Minti ɗaya da rabi ya isa: abin da ka karanta, aikin da ka taɓa yi da hannunka, da dalilin da ya sa wannan gurbi ya dace da kai.

Ɓangaren sana'ar kuwa ba a yi masa dabara. Ka iya bayanin yadda ake daidaita littafin kuɗi da bayanan banki, da abin da ake yi da cek ɗin da aka rubuta amma ba a kai banki ba. Ka san cewa harajin VAT kashi 7.5 ne cikin ɗari tun 2020, kuma a dokar fansho ta 2014 ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10. Dokokin haraji suna sauyawa, don haka ka duba halin da ake ciki a makon ganawar. Wurare da dama za su ajiye maka kwamfuta su ce ka nuna, to idan ka rubuta Excel ko QuickBooks (manhajar lissafin kuɗi) a CV ɗinka, ka tabbata hannunka ya saba da su. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi inda za ka nemo amsar. Akantan da ke kame-kame ya fi tsoratar da mai kamfani.

Ka isa wurin da aƙalla rabin awa a hannu. Ka gaida kowa, ka dubi mai tambaya lokacin da kake amsawa, ka ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. Idan akwai mace a kwamitin kuma ba ka musabaha da mata, ka dafa ƙirji ka gaishe ta da fara'a, ka kuma amsa tambayarta kana fuskantarta kamar sauran.

A kan albashi, ka faɗi tsakanin nawa zuwa nawa kake so bayan ka bincika abin da ake biya a irin wurin, ka kuma tambaya ko adadin da suka ambata kafin cire haraji da fansho ne ko bayan cirewa.

Akwai wani abu da ke kayar da mutum bayan ya ci ganawar: takardun da ba su yi daidai da juna ba. Ka jera NIN, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar HND da takardar kammala NYSC, ka duba rubutun suna da ranar haihuwa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko shekara ta bambanta, yana iya tsayar da takardar ɗauka. Ka fara gyaran tun yanzu, don yana cin lokaci. Duk wanda kuma ya ce ka tura kuɗi a ajiye maka gurbi, ka rabu da shi.

Da ka fito, tun kafin ka hau mota, ka rubuta duk tambayoyin da aka yi maka, ka yi alama a kan waɗanda ka yi tuntuɓe, su ne abin bitarka kafin kira na gaba. Cikin awa 24 ka aika gajeren imel na godiya. Idan mako biyu suka wuce ba ka ji komai ba, ka tuntuɓe su sau ɗaya cikin ladabi, in kuma sun ce ba kai aka ɗauka ba, ka roƙi su faɗa maka inda amsoshinka suka gaza.