Amsa ga Alhaji kan kuɗin haraji da ginin makarantu

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Alhaji, na saurari muryarka ta jiya har ƙarshe. Ga waɗanda ba su buɗe ba, abin da Alhaji ya ce shi ne, tunda 'yan kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada ne ke biyan haraji mai tsoka, to makarantun unguwanninsu ya kamata a fara yi wa gini. In kuma hakan ba za ta yiwu ba, a raba daidai wa daida, kowace mazaɓa a ba ta bulo ɗaya na azuzuwa, kowa ya huta. To Alhaji, Allah ya ƙara girma, duka biyun ban gamsu da su ba.

Wa ya ce mutumin ƙauye ba ya biyan haraji? Manomin da ya ɗauko masara daga Dutsen Abba ko Dambo, kafin ya sauke buhu a kasuwa an yanka masa rasit. Mai Keke kullum da safe sai ya sayi tikiti. Katin wayar da muke sa wa muna wannan hirar ma akwai harajin VAT a kai, kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, kuma ba a tambayar ka ɗan wace unguwa ne. In muka koma baya, da haraji da jangali En'e ta Zazzau ta riƙa gina elementare, daga baya Gwamna Balarabe Musa ya soke harajin da jangalin a 1979. Bafulatanin da ya shekara da shekaru yana biyan jangalin nan, ajin nawa aka kai masa ruga? Don haka maganar wa ya fi biya, mu ajiye ta gefe. Kuɗin gwamnati ba adashe ba ne da kowa zai kwashi daidai zubinsa.

Sai maganar rabon daidai wa daida. Tana da daɗin ji, amma ku duba yadda take aiki a sama. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko. UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, ke riƙe da kuɗin a Abuja. Kason da ake yin gini da shi, jiha ba ta taɓa shi sai ta ajiye nata kwatankwacinsa, sannan SUBEB, takwararta ta jiha, ta ba da kwangila. Shi ya sa za ka ji ana cewa biliyoyi na kwance, jihohi ba su je sun ɗauka ba. To shi wannan kason, daidai ake raba wa jihohi. Kano da duk yawan yaranta, Bayelsa da nata, abu ɗaya. Wannan adalci ne? Shi ne fa Alhaji yake so mu sauko da shi mazaɓu.

Af, wani zai ce ai ga gine-gine nan ana ta yi a jami'ar ABU, Samaru da Kongo. Wannan kuɗin TETFund ne, harajin ilimi da aka riƙa cira daga ribar kamfanoni, wanda aka kai kashi 3 cikin ɗari a 2023. Tun dokar 2011 manyan makarantu kaɗai yake yi wa aiki, firamare ba ta da ko sisi a ciki. Ba hassada nake wa ABU ba, 'ya'yanmu ne a can. Amma yaron da zai zauna a wannan katafaren ɗakin lacca, daga wani aji zai fito, kuma ajin nake so ku leƙa.

Akwai makarantar da na koyar a bayan gari, ba zan kama suna ba. Ginin tun na UPE ne, shirin firamare kyauta na 1976. Iskar farkon damina ta yaye kwanon aji biyu, sai aka haɗe yaran a ɗaki ɗaya, sun haura ɗari. Simintin ƙasa ya farfashe ya koma rairayi, yaro na zaune a kan buhun da ya zo da shi daga gida, littafi a kan gwiwa. Allo ya koɗe, sai mun fasa tsohon batir mun kwaɓa baƙin da ruwa mun shafa kafin alli ya fito. Hadari na haɗowa hedimasta zai buga ƙararrawa a tashi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne banɗaki. Babu. 'Yan matan aji biyar da shida in sun ce za su je gida su kewaya, shi ke nan, sai gobe, wata ma sai dai ka ji an daina turo ta. A lokacin nan kuma akwai wata makaranta a bakin titi da aka yi ta sake wa fenti, an rubuta sunan Onarabul da manyan baƙaƙe a jikin bango, saboda nan ne mota ke wucewa a gani.

Ni abin da nake kira adalci, a ƙirga kawunan yara, a ƙirga azuzuwan da za a iya zama a ciki, a raba. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare. Makarantar da lissafinta ya fi nisa da wannan, ita ce ta ɗaya a layi, ko da kuwa babu wanda ya san ta a Kaduna. Kuma ba sai an kafa wani kwamiti an ci kuɗin zama ba. Ana ƙidayar makarantu, hedimastoci na cike fom, yara nawa, aji nawa, akwai ruwa, akwai banɗaki. Alƙaluman na nan a ofis. Abin da ya rage a jera su daga mafi lalacewa zuwa mai dama-dama, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar gidan hakimi, duk wanda aka tsallake ya san an tsallake shi, ya tambayi dalili.

Alhaji, ka kwantar da hankalinka, in aka bi wannan lissafin unguwarku ba za ta yi asara ba. Makarantun cikin birni da Tudun Wada ai su ne suka fi cunkoso. Wataƙila ma ku riga kowa samu, amma saboda yawan yaranku, ba saboda nauyin aljihunku ba. Sai dai ku a cikin gari fili ya ƙare, dole a hau sama a yi bene, kuma a yi katanga, don wasu filayen makarantar an yi ta gutsurar su ana kafa shaguna muna kallo.

Sannan gyara. Kowa ya fi son sabon gini saboda a nan ake yanka kirtani a ɗauki hoto, ɗan kwangila ma a nan ya fi samu. Amma bandir ɗin kwano biyu da kafinta, in aka yi a watan da iska ta yi ɓarna, sun ceci ajin da in aka bar shi damina uku sai dai a rushe. Irin wannan ɗan kuɗin a riƙa sa wa a asusun SBMC, kwamitin da ke da iyaye da mai unguwa da hedimasta a ciki, su kashe, su karanto lissafi a gaban jama'a. Na san akwai kwamitocin da suna ne kawai, amma ɓarawon da kuke sallah sahu ɗaya da shi ya fi sauƙin kamawa a kan wanda ba ku san ofishinsa ba. Tunda kuma Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muna da bakin tambayar ciyaman nawa ya sa a gyaran firamare.

Malam Sakatare, don Allah ka sa wannan a zamanmu na Asabar. Kowa ya leƙa firamaren da ke kusa da shi, ya tambayi hedimasta yawan yara da yawan azuzuwa masu rufi, ya turo nan. In mun haɗa sai mu rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi, Alhaji ya ja mu tunda shi ya san hanyar ofishin. Ga kiran magariba can, sai na ji ku.