Filin Tambayoyi: Nauyin Shafi, Haruffa Masu Ƙugiya da Amanar Bayanan Jama'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma na sa an gina mini shafin intanet. A kwamfutar wanda ya gina shi yana buɗewa nan take, amma masu sayen kayana suna kukan cewa a waya sai sun gaji da jira. Shi ya ce matsalar netwok ce. Haka ne?
Wani ɗan kasuwa, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Netwok na da nasa laifin, amma a shafin da ke tallan yadi, hotuna muke fara tuhuma. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai faɗin fiksel 4000 da nauyin megabayit 3 zuwa 5. In an ɗora goma a shafin farko yadda suka fito daga waya, mai saye zai ƙona kusan megabayit 40 na datarsa kafin ya ga farashi. Wannan shiga haƙƙinsa ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Ku ce wa mai ginin ya rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 1200, ya mayar da shi WebP, tsarin hoto mara nauyi, ya sa ingancinsa tsakanin 75 da 80. Manhajar Squoosh tana yin wannan kyauta a cikin burauza. Yawanci hoton zai dawo ƙasa da kilobayit 200, kuma zanen atamfar zai fito sarai. Hotunan da ke can ƙasan shafi a sa musu umarnin jinkiri, kada su sauko sai mai karatu ya gangaro kusa da su. Babban hoton da ke sama kuwa kada a jinkirta shi, nan ne masu gini da yawa ke kuskure. A kuma rubuta faɗi da tsawon kowane hoto a cikin lambar shafin, don kada rubutu ya riƙa tsalle lokacin da hotuna ke sauka, mutum ya je danna abu ɗaya ya danna wani.

Bayan haka ku gwada da kanku. Ku sa adireshin shafin a PageSpeed Insights na Google, ku duba sakamakon waya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. In an gyara hotuna bai kai haka ba, a duba tarkacen da aka liƙa: hotuna masu zagayawa a sama, bidiyo mai kunna kansa, da ƙarin manhajojin WordPress (manhajar gina shafuka) da ba a amfani da su. Gwajin ƙarshe a yi shi a ƙaramar wayar Android mai araha, da data, a cikin kasuwa.

Tambaya: Muna da shafin labarai na Hausa. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ wani lokaci suna fitowa alamar tambaya, wani lokaci akwati, wani lokaci kuma sun fi sauran haruffa girma. Ina gyaran yake?
Wata marubuciya, Maraɗi

Amsa: Malama, cuta uku kika lissafa, kowace da maganinta. Alamar tambaya na nufin an adana rubutun a tsarin da bai san haruffan ba. Dole shafin ya bayyana cewa UTF-8, tsarin adana rubutu da ya san haruffanmu, yake amfani da shi, rumbun bayanai na MySQL ya kasance a utf8mb4, wato UTF-8 na rumbun, haɗin da ke tsakaninsu shi ma haka. A sani, rubutun da ya riga ya koma alamar tambaya a cikin rumbu ya lalace ke nan, sai an sake shigar da shi daga asali. Saboda haka a ɗauki kwafin rumbun kafin a taɓa komai.

Akwati na nufin salon rubutun da aka zaɓa ba shi da harafin. Harafin da ya fi 'yan'uwansa girma kuwa, burauza ce ta aro shi daga wani salon don cike giɓi. Noto Sans, Andika da Charis SIL duk suna da haruffanmu, manya da ƙanana. In an rage salon don ya yi sauƙin sauka, a tabbata ba a yanke rukunin da ke ɗauke da su ba, don ba sa cikin haruffan Latin na farko.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma zai same ki: bincike. Mai karatu da yawa zai rubuta "kasa" yana neman "ƙasa", domin allon wayarsa ba shi da ƙugiya. Dabarar da ke cire alama daga kan wasali a Faransanci ba ta aiki a nan, saboda a Unicode, tsarin da kwamfuta ke tantance haruffa da shi, ƙ harafi ne mai zaman kansa. Sai mai gini ya rubuta jadawalin musanya da hannunsa, a yi amfani da shi wurin bincike kawai, rubutun labari ya zauna yadda yake. A haɗa har da ƴ da ake rubutawa a Nijar da 'y na Najeriya.

Tambaya: Makarantarmu za ta fara rajistar ɗalibai ta intanet. Fom ɗin yana neman hoton yaro, takardar haihuwa, lambar NIN ta uba da lambar waya. Wani daga cikin iyaye ya ce doka ta hana. Me ya kamata mu yi?
Wani shugaban makaranta, Zariya

Amsa: Ranka ya daɗe, doka ba ta hana ba, sharuɗɗa ta gindaya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ke kula da ita, ta ce a karɓi abin da aikin ke buƙata kawai, a faɗa wa mutum dalilin karɓa, kuma inda ake neman izini a kan bayanan yaro, uba ko uwa ko mai riƙo ne zai bayar. Ku bi fom ɗin layi layi kuna tambayar kanku: in babu wannan, rajista za ta tsaya? In ba wata hukuma ce ta wajabta muku lambar NIN ta uba ba, ku cire ta. Abin da ba ku ajiye ba, ba a sace shi a hannunku.

Ɓarakar da ta fi damunmu a irin waɗannan shafuka ba ta buƙatar gwanin kutse. Ana jibge takardun a babban fayil da ke buɗe, da sunaye a jere, 101, 102, 103. Duk wanda ya ga adireshin takardar ɗansa, ya canza lambar ƙarshe, sai ta ɗan wani ta buɗe. Ku sa mai ginin ya ajiye takardu a inda burauza ba ta kaiwa kai tsaye, kuma shafin ya duba wane ne ke nema duk lokacin da za a buɗe ɗaya.

Adireshin shafin ya fara da https, alamar cewa bayanai na tafiya a ɓoye tsakanin mai shiga da shafin. Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt da ke ba da https kyauta ce, ana saita ta ta riƙa sabunta kanta. Kalmar sirri a murɗe ta da dabarar bcrypt ko Argon2 kafin a adana, yadda ko mai ginin ba zai iya karanta ta ba. Kowane ma'aikaci ya samu nasa asusun, ranar da ya bar aiki a rufe. Sunan shafin da wurin ajiyarsa su kasance da sunan makaranta. In bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, doka ta ba ku awa 72 daga lokacin da kuka sani ku sanar da hukumar.

Tambaya: Ina koyon gina shafi. Laifi ne in sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta mini lambobin shafin, wato umarnin da ake gina shi da su?
Wata ɗaliba, Kumasi

Amsa: Ba laifi ba ne, ƙanwata, muddin za ki iya bayanin kowane layi kafin ki ɗora. Wurare uku ki sa ido. Takan ambaci kunshin manhaja da babu shi a duniya, kuma ɓata gari na iya yin rajistar sunan su cusa masa guba, don haka ki duba shi a npm ko PyPI, rumbunan da ake sauke kunshin manhaja, kafin ki sauke. Takan haɗa abin da baƙo ya rubuta a fom kai tsaye cikin umarnin SQL da ake aika wa rumbun bayanai, abin da ke buɗe ƙofa ga mai kutse; ki nemi ta sake shi da shiryayyen umarni mai ware bayanan baƙo daban. Mabuɗan sirri na shiga manhaja kuma kada ki liƙa su a akwatin hira da ita, kada su shiga GitHub, ma'ajiyar lambobi ta intanet. In ɗaya ya riga ya shiga, goge fayil ɗin bai wadatar ba, domin tarihin ma'ajiyar yana riƙe da shi. Ki soke mabuɗin, ki karɓi sabo.