Kare ya san akuya sarai, amma ƙyale ta sai an koya masa

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka inda ka ce kana son ka fara riƙe karen farauta, amma kana da awaki da kaji a gida, maƙwabtanka ma suna da nasu, kuma kana so ka sani ko kare yana iya bambanta dabbar gida da naman daji, ko kuwa duk abin da ya gifta ta gabansa nama ne a wurinsa. Ni a gidan farauta na tashi, a ƙasar Rano da ke kudancin Kano. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa rabuwa da karnuka ba har ya bar duniya, ni ma na fi shekara 30 ina riƙe su, kuma duk tsawon wannan lokaci akwai awaki a turke da kaji a akurki a gidan da karnukan suke kwana.

Idan maganar ganewa ce, kada ka yi shakka, kare yana ganewa fiye da yadda ni da kai muke ganewa. Masana halittar dabbobi sun ce ƙwayoyin da ke ɗaukar ƙamshi da wari a hancinsa sun kai miliyan 200 ko fiye, alhali na ɗan Adam ba su wuce miliyan 5 ko 6 ba. Akuyar gida tana ɗauke da warin turke da hayaƙin murhu da hannun mutane, gada kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Na taɓa riƙe wata karya mai suna Guguwa, kuma ba zan manta wata safiya ta hunturu ba da muka bi ta wata gona da aka girbe dawa, inda tumakin Fulani suka kwana. Ƙasa duk ta cika da sawunsu da kashinsu, tumakin kansu suna nan ba su gama tashi ba. Guguwa ta dasa hanci a ƙasa ta ratsa tsakiyarsu, har gefen jikinta yana gogar wata tunkiya, ba ta ko ɗaga kai ta dube ta ba, sai da ta je gindin wata sabara ta tayar da zomo. A cikin sawun tumaki masu yawa ta tsamo sawun zomo guda ɗaya, ta bi shi har makwancinsa.

Inda matsalar take shi ne, sanin cewa wannan akuya ce bai isa ya hana kare kama ta ba. Allah Ya halicci kare da ɗabi'ar bin abin da yake gudu. Zai hango, ya yi sanɗa, ya kora, ya cafka, ya girgiza, kuma da zarar ya shiga matakin kora, samun kansa sai da wuya. Akuyar da ke tsaye tana tuƙa ba ta tayar masa da komai, amma ita ɗin dai idan ta firgita ta zura da gudu tana kuka, ta zama wani abu dabam a idonsa. Karnukanmu na farauta, sirara masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, da hanci suke nema, amma da ido suke kora. Saboda haka abin da ya kamata ka sa a gaba shi ne yadda za ka dasa masa hani a zuciya tun kafin wannan ɗabi'a ta yi ƙarfi a jikinsa.

Lokacin yin hakan gajere ne ƙwarai. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa, duk abin da kwikwiyo ya saba da shi yakan ɗauke shi a matsayin ɗan gida har ya tsufa. Mahaifina yakan karɓo kwikwiyo da zarar an yaye shi, ya yi masa makwanci kusa da turken awaki, ba a zaure ba. Idan kwikwiyon ya matsa wa ɗan akuya da wasa, uwar takan sunkuyar da kai ta tunkuye shi ya wuntsila, ya tashi yana kuka, mu yara mu so mu kore ta, shi kuwa ya ce mu ƙyale ta, aikinsa take yi masa. Kaza mai 'yan tsaki ma haka, idan ta baje fukafukai ta tsattsage shi a hanci sau ɗaya ko biyu, ya gama sanin matsayinsa a tsakar gida. Abin da akuya da kaza suke koya wa kwikwiyo a wannan shekarun nasa, sanda ba za ta koya wa babban kare ba. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya sayi ƙosasshen kare a hannun wanda bai sani ba ya kawo shi gidan da ke da dabbobi, komai yabon da aka yi wa gudunsa.

Dubi karnukan Fulani da ke bin garke, suna kwana cikin maruƙa, amma idan suka ga zomo ko kurege a hanya sai sun kora shi. Dubi kuma karnukan Buzaye na yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, waɗanda aka san su da korar barewa da zomo, su ne kuma masu gadin awaki da raƙuma a bakin tanti. Kare ɗaya ne yake yin aikin biyu, domin a cikin dabbobin ya buɗe ido.

Sai dai akwai iyakar da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Karen da ya tashi da awakinka, awakinka ya sani, bai ɗauki alkawarin dukkan awakin duniya ba. Na ga karen da ɗan akuyar gidansu yake hawa bayansa yana barci, amma ya je bayan gari ya yaga akuyar wani. Na kuma ga wanda ya saba da awaki sosai, ranar da ya fara ganin tumaki a sake ya bi su. Don haka idan kwikwiyo ya kai wata 4 ko 5, ka ɗaura masa doguwar igiya ka riƙa fita da shi inda dabbobin wasu suke kiwo, ya ga tumaki da maruƙa da jakuna da agwagi da talotalo. Duk lokacin da ka ga ya ƙura ido, kunnuwansa sun miƙe, jikinsa ya sandare, a nan take za ka daka masa tsawa ka fizgi igiyar, tun bai ɗaga ƙafa ba. Idan ya kau da kai ya dawo wurinka, ka shafa shi ka ba shi ɗan abin taɓawa. Dukan da za ka yi masa bayan an dawo gida ba ya gyara komai, domin bai san laifin da ake dukansa a kai ba, abin da zai koya kawai shi ne tsoronka, kuma karen da ke tsoron mai shi ba ya amsa kira a daji.

Dabbar da ta fi ba mu wahala ita ce zabuwa. Zabin gida da zabin daji jinsi ɗaya ne, kukansu ɗaya, tashinsu ɗaya, kuma zabin gida ma a jeji suke wuni, a can suke yin ƙwai. Ban taɓa riƙe karen da zan iya rantsuwa a kansa game da zabi ba, shi ya sa idan muka kusanci gari ko ruga muka ji kukansu, nakan kira karnukana su dawo ƙafata har mu wuce. Bayan zabi sai jar akuya, irin wadda ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi. Ƙaramarta idan ta kutsa cikin busasshiyar ciyawa da gudu, girmanta da launinta ba su da nisa da na gada, har mafaraucin kansa yakan ɗaga gora kafin ya gane.

A kan irin wannan akuya ne na ga abin da har yau yake damuna. Farautar gayya ce, garuruwa da yawa suka haɗu, ana kiɗa, karnuka sun fi a ƙirga. Ka san lokacin farauta da lokacin sakin dabbobi lokaci ɗaya ne, domin da damina awaki suna ɗaure saboda shuka, sai an kawar da amfanin gona ake sakinsu su bi karmami, a daidai lokacin da mu ma muke shiga daji. Da hantsi aka tayar da gada a bakin wani rafi, karnuka suka ɗunguma a bayanta, ta ratsa ta cikin wasu awaki da wata yarinya take kiwo, awakin suka watse. Gadar ta sha, amma wata jar akuya mai ciki ta yanki hanyar da gadar ta bi. Wani baƙon kare ne ya fara cafkar ta a cinya, sauran suka rufa mata, kuma a cikinsu har da karena Duna, wanda shekararsa 4 yana kwana da awaki bai taɓa yi wa ko ɗaya kallon banza ba. Na kira shi da ƙarfina duka bai ji ni ba. Kafin mu iso mu raba su da gora akuyar ta mutu, yarinyar tana tsaye da sandarta tana kuka, ta kasa ko matsowa. Muka bi ta har rugarsu, sarkin dawanmu ya ba mahaifinta haƙuri, muka haɗa kuɗin akuya mai ciki muka biya. Mutumin ya karɓa bai ɗaga murya ba, ya ce dai akuyar ta yarinyar ce, kakarta ta ba ta. Tun daga ranar na gane cewa tarbiyyar da ka yi wa karenka shi kaɗai tana iya rushewa a cikin taron karnuka, domin idan jininsu ya hau, kowanne abin da na gabansa ya yi yake yi.

Ta fuskar addini ma maganar tana da nauyi. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah Ya halatta mana abin da dabbobin farauta da muka koyar suka kama mana, tare da ambaton sunansa, kuma malamai sun bayyana koyayyen kare da cewa shi ne wanda idan an tura shi zai tafi, idan an tsawata masa zai tsaya. Ka ga ke nan tsayawa rabin ilimin karen farauta ce, ba kamu kaɗai ba. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, dabbar gida ba ta halatta ta hanyar da naman daji yake halatta. Akuyar da kare ya kashe kafin a sa mata wuƙa mushe ce, ko da an yi bisimilla wajen sakinsa, ga kuma haƙƙin mai ita a wuyanka. Waccan akuyar ta bakin rafi haka muka bar ta, babu wanda ya amfana da ita.

Game da karen da ya riga ya kashe dabbar gida, mafarauta sukan ce ya ɗanɗana jini ba zai daina ba. Abin da ni na lura da shi shi ne, daɗin korar da kamun ne yake komawa nema, ko bai ci naman ba. Duna bai sake ba, amma sai da na yi wata 2 ina fita da shi a igiya cikin awakin mutane kullum safiya, kuma ban ƙara kai shi farautar gayya ba sai ta mu biyu ko uku. Wanda ya yi sau biyu ko uku, musamman idan da dare yake sulalewa shi kaɗai ko da abokin ɓarna, ban ga ya gyaru ba, kuma zamansa a sake cikin gari zalunci ne ga maƙwabta. Ka kiyaye abin da kake ba shi tun farko. Kada a jefa masa mushen kaza da gashinta, kada a bar shi ya ci mabiyiyar akuya idan ta haihu, kada ya saba da fasa ƙwai. Ladansa na ɗanyen nama ya zama daga abin da ya kamo a daji, kayan cikin zomo ko na gafiya, a ba shi a wurin da aka yi kamun. Al'adar nan ta hana kare abinci kwana guda ko biyu kafin farauta don wai ya fi zafi, ni ban yarda da ita ba, domin mayunwacin kare kansa yake yi wa farauta, kuma ɗan akuya ya fi zomo sauƙin kamu.

Abu ɗaya kuma da ba a wasa da shi: idan karen da ka sani da natsuwa ya wayi gari yana cizon dabbobin gida haka kawai, yana dalalar da yawu, muryarsa ta sauya, kada ka tsaya neman gyaran tarbiyya, ka zargi ciwon hauka. Ka killace shi ba tare da ka taɓa shi ba, ka kira malamin dabbobi, mutumin da karen ya ciza kuma a wanke masa wurin da ruwa da sabulu sosai a garzaya da shi asibiti a ranar. Allurar rigakafin wannan ciwo a yi wa karnuka ita duk shekara.

Tunda ka ce kana da awaki a gida, ka riga ka sami malaman da za su taya ka. Ka nemi kwikwiyo ɗan mako 7 ko 8 daga uwar da ka ga aikinta da idonka, ka kuma tambayi maƙwabtan mai ita ko ta taɓa yi musu ɓarna, domin su ne za su gaya maka gaskiya. Ka fara da ɗaya tak, kada ka haɗa biyu a lokaci guda, don 'yan'uwa biyu junansu suke saurare. Kafin ka nuna masa zomo ko sau ɗaya, ka tabbata idan ka kira sunansa yana tsakiyar cin abinci zai bari ya zo. Idan lokacin shiga daji ya yi, ka haɗa shi da tsohon kare mai hankali wanda ka san ba ya kallon akuya, ku fita da sassafe ku kaɗai, kuma duk inda ka hango garke ko ka ji kukan zabi, ka mayar masa da igiyarsa har sai kun wuce.