Shin doka ce ta hana George Washington yin tazarce?

Tambaya: Malam, na ji an ce George Washington, shugaban Amurka na farko, ya sauka bayan wa'adi biyu. Doka ce ta tilasta masa, ko kuwa shi ya ga dama?

Amsa: Ɗan'uwa, babu dokar da ta tilasta masa. Tsarin mulkin da aka rubuta a Philadelphia a 1787, a taron da shi kansa ya shugabanta, bai ƙayyade sau nawa mutum zai tsaya takara ba. Sai a 1951 aka sa wa'adi biyu a doka, bayan Franklin Roosevelt ya ci zaɓe har sau huɗu.

Kuma ba wannan ne karon farko da ya saki iko ba. Shi ya jagoranci sojojin da suka yaƙi Ingila tun 1775. A 1782 wani kanar, Lewis Nicola, ya rubuta masa wasiƙa yana ba shi shawarar ya zama sarki, ya mayar masa da amsa mai zafi. A watan Maris na 1783, hafsoshi a Newburgh suka fusata saboda majalisa ta riƙe musu albashi, har ana raɗe-raɗin tawaye. Ya shiga taronsu ya lallashe su. A Disambar shekarar ya je Annapolis, ya miƙa wa majalisa takardar naɗinsa, ya koma gonarsa ta Mount Vernon. A ganina wannan ya fi saukarsa ta biyu nauyi, domin a lokacin bindigogin ƙasar suna hannunsa, gwamnatin farar hula kuwa ba ta da ƙarfi ko kuɗi.

Saukarsa ta 1797 kuma akwai gajiya a ciki. Tun 1792 ya so tafiya, na kusa da shi suka roƙe shi ya zauna. A wa'adi na biyu ministocinsa biyu, Alexander Hamilton da Thomas Jefferson, sun riga sun ja daga, jam'iyyu suka fara kunno kai. Yarjejeniyar Jay da aka ƙulla da Ingila ta jawo masa zagi a jaridu, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. A jawabinsa na bankwana na Satumbar 1796 ya gargaɗi jama'a kan gabar jam'iyyu da ɓangaranci.

Kada dai a ɗauke shi waliyyi. Mutumin da ya yi yaƙin 'yanci ya mallaki bayi har ƙarshen ransa. Sama da 300 ne ke bauta a Mount Vernon lokacin rasuwarsa, kuma sai a wasiyyarsa ya ba da umarnin 'yanta 123 da ke mallakinsa.

Ya miƙa mulki ga John Adams a Maris 1797, yana da shekara 65. Ya rasu ranar 14 ga Disamba 1799, wato da ya zarce, da a kan kujera ajali zai same shi, kuma da Amurkawa sun fara tarihinsu da shugaban da mutuwa ce kaɗai ta sauke shi.